Tafiya da jarirai zuwa tsaunuka: haɗarin yana cikin mota da cikin dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani al'amari da ya fara shiga hirar Hausawa mazauna Legas, musamman matasan magidanta na Agege da Idi-Araba da Obalende, wato ɗaukar iyali a mota lokacin hutu a nufi wuraren tsaunuka, a kafa tanti a kwana, alhali a cikin ayarin akwai na goye, akwai kuma mai tatata. Duk lokacin da aka ta da zancen a majalisa, abin da ake fara ji daga bakin manya shi ne wannan ganganci ne, kuma kwaikwayon Turawa ne da ba a yi wa lissafi ba. Ina girmama tsoron da ke bayan wannan magana, domin ƙauna ce ta haife shi, amma ina ganin an ɗora tsoron a inda bai dace ba. Abin da ke cutar da ƙaramin yaro a irin wannan tafiya ba kasafai yake zama dutsen ba. Yana cikin yadda aka zaunar da shi a mota, da yadda aka kwantar da shi da dare.

Mu dubi abin da muka riga muka saba da shi. Kowace sallah motoci suna tashi daga Agege da Mile 12 da Alaba Rago zuwa Kano da Katsina da Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 1,000, uwa tana rungume da jariri a cinya, wani yaron yana maƙale tsakanin ƙafafunta da buhun tsaraba, direba kuma yana neman ya cinye hanyar a zama ɗaya, sau da yawa cikin dare. Babu mai kiran wannan ganganci, don kawai ido ya saba ganinsa. Amma idan magidanci ya ce zai yi tafiyar awa uku ko huɗu da rana tsaka, ya tsaya inda yaro ya buƙaci tsayawa, ya kwana a wuri mai masu gadi, sai a ce ya yi wasa da rayukan 'ya'yansa. A ganina ta biyun ta fi ta farkon aminci nesa ba kusa ba, muddin an cika sharuɗɗanta, kuma sharuɗɗan ne nake so in tsaya a kansu.

Babban sharaɗi shi ne kujerar yara ta mota. Iyaye mata da yawa sun yi imani cewa hannunsu ya fi kowace ɗamara riƙo, kuma a ƙasa gaskiyarsu ce, amma ba a cikin motar da ke gudu ba. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, ƙarfin bugun da na ciki zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido babu hannun da zai iya riƙe jariri, komai ƙaunar mai hannun, kuma idan uwar ta ɗaura bel ɗaya ita da shi, nauyin jikinta ne zai danne shi. Jariri yana buƙatar kujerarsa a bayan mota, fuskarsa tana kallon baya, domin kansa yana da nauyi wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, kuma ba a taɓa ajiye irin wannan kujera a gaba inda jakar iska za ta iya fashewa a kanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana cewa yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya ya kamata su zauna, sai dai mun fi ɗaukar maganar a matsayin abin gudun tara, ba abin tsare rai ba. Wanda ya iya zuba man tafiya a farashin da ya koma tun bayan cire tallafi a 2023, zai iya sayen kujerar, ko da ta gwanjo ce, in dai ya duba ya ga ba ta tsage ba kuma maɗauranta suna kamawa.

Sharaɗin da ke biye da shi ya fi wuya ga maza, domin ya shafi hali. Da yawanmu muna auna gwanintar tuƙi da yawan awannin da muka rage a hanya. Tafiya da na goye ba ta yarda da wannan. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar kada jariri ya wuce kimanin awa biyu a cikin kujerar mota ba a fito da shi ya miƙe ba, ga shayarwa, ga canjin famfas, ga mai tatata da ke buƙatar ya taka ƙasa ya yi 'yan guje-guje kafin ya yarda a sake ɗaure shi. Saboda haka hanyar da taswirar waya ta ce awa huɗu ce, magidanci ya rubuta mata shida a ransa, ya fita bayan sallar asuba kafin cunkoson Berger da ke mafitar Legas ya haɗu, ya kuma ƙudurta cewa la'asar za ta same shi a masauki. Hausawa sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Kuma a duk inda aka tsaya, ko da sayen ruwa ne na minti biyar, ba a barin yaro a rufe cikin mota, domin mota a rana tana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukarsa.

Mu da ke Legas Allah ya yi mana sauƙi ta fuskar wuraren zuwa, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka san haka. Dutsen Olumo yana Abeokuta, tafiyar kimanin kilomita 100, inda mutanen Egba suka fake a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, kuma ana iya zuwa a dawo a yini guda, don haka shi ya fi dacewa da gwajin farko. A jihar Oyo akwai Ado Awaye kusa da Iseyin, mai tafki a kan dutse. Idan aka nausa gaba akwai magangarar ruwa ta Erin Ijesha a jihar Osun mai hawa bakwai, da Ikogosi a jihar Ekiti inda maɓuɓɓugar ɗumi da ta sanyi suke haɗuwa, sannan duwatsun Idanre a kusa da Akure, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya tun 2007. Wani abin da ya kamata ya kwantar wa Bahaushe hankali shi ne a kusan kowane babban gari na wannan hanya akwai 'yan'uwa: Sabo a Sagamu da Abeokuta, Sabo a Ibadan wadda ta kafu tun 1916, da Shasha a Akure. Akwai masallaci, akwai mai shayi da za a cika fulas a wurinsa, akwai kuma direbobin da suka bi hanyar jiya, waɗanda labarinsu game da lafiyar titi ya fi na kowace waya sabunta.

A Idanre na ga abin da ya ƙara tabbatar mini cewa zanen goyo ya fi duk wani keken tura jarirai amfani a dutse. Matakalar da ke kai wa tsohon garin da ke sama ta haura 600, kuma akwai wuraren hutawa a tsakani. Maiɗakina ta goya ƙaramar, ta ɗaure da majanyi ta ƙara ɗauri na biyu a ƙirji, ni kuma na riƙe hannun yayanta wanda bai cika shekara uku ba a lokacin. A wurin hutawa na biyu yaron ya tsuguna gaban wani layin tururuwa da ke jan ƙwayar gyaɗa zuwa cikin tsagar dutse, ya ƙi motsi, yana nuna su da yatsa yana tambayar ina gidansu. Muka zauna tare da shi har suka shige. Daga nan muka duba rana, muka duba ƙafarsa, muka yanke shawarar saukowa, kuma har yau ina ganin wannan ita ce shawara mafi kyau da aka yanke a ranar. Wanda ya tafi da ƙananan yara bai je don ya kai ƙololuwa ba, kuma magidancin da ba zai iya haƙura da wannan ba gara ya bar iyali a gida ya je da abokansa.

Manyan tsaunukan ƙasar nan kuwa suna gabas, kuma nisansu daga Legas ya isa a yi musu shiri na daban. Obudu tana jihar Kuros Riba a tsayin kusan mita 1,600, an fara ta a matsayin gonar kiwon shanu a 1951, kuma hawanta titi ne mai lanƙwasa da yawa na kimanin kilomita 11. Gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991 tsakanin Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, hedikwatarsa tana Serti, kuma a yankinsa ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a ƙasar mai mita 2,419. Daga Serti ake wucewa Mayo Selbe a hau tsaunin Mambilla zuwa Nguroje da Gembu, inda ake noman ganyen shayi a Kakara, kuma ana jin Hausa da Fulatanci a kasuwanni. Waɗannan tafiya ce ta kwanaki, ta rani ba ta damina ba, saboda hazo da santsi da cikar rafuka, kuma ni ba zan ba mai jariri ɗan 'yan watanni shawarar ya fara da su ba. Duk wanda zai je, ya sani cewa a gangaren tsauni da ƙaramar giya ake saukowa, domin wanda ya dogara da birki kaɗai zai ƙona shi kafin ya kai ƙasa.

Wasu suna tsoron ƙarancin iska a saman tsauni, amma ciwon da tsayi ke haddasawa yawanci yana farawa ne daga kimanin mita 2,500, kuma babu inda ya kai haka a Najeriya. Abin da jariri zai ji shi ne toshewar kunne yayin hawa da sauka, wanda shan nono ke sauƙaƙa shi. Abin tsoro na gaskiya shi ne sanyi, kuma a nan nake so in daɗe, domin ɗan Legas bai san shi ba. Duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kusan digiri shida da rabi, ga iskar hunturu, ga raɓar da ke jiƙa tanti kafin asuba. Jariri yana rasa ɗumin jikinsa da sauri fiye da babba, kuma ba ya iya cewa yana jin sanyi. Maganin shi ne riguna marasa kauri a jera ɗaya kan ɗaya, da safa, da shimfiɗa mai kauri tsakaninsa da ƙasa, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumi. A kwantar da shi rigingine a kan abu mai ɗan tauri, ba a katifar iska ba, ba kuma a cikin bargon manya inda fuskarsa za ta iya rufuwa ba. Idan ana so a san ko ɗumin ya ishe shi, ƙirjinsa ko ƙeyarsa ake taɓawa, domin hannu da ƙafa kan yi sanyi ko da jikin yana lafiya.

Sanyin nan ne ke jawo kuskuren da ya fi kowanne kisa. A wani masauki da muka kafa tanti a harabarsa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, mai gadi ya zo bayan isha'i ɗauke da kaskon gawayi yana ci jawur, ya ce a shigar da shi ciki saboda jaririya. Da zuciya ɗaya ya kawo shi, na kuma yi masa godiya, amma na ce ya ajiye shi a waje nesa da ƙofa, na yi masa bayanin dalili. Gawayi da risho da ƙaramin murhun gas da janareta duk suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen wuri tana sa mutum ciwon kai da kasala da barci, daga barcin kuma ba a tashi. Mu a Legas mun sha jin labarin gidan da aka wayi gari an rasa kowa saboda hayaƙin janareta, kuma tanti ya fi ɗaki ƙanƙanta. Abin da ya dame ni shi ne mutumin nan aikinsa ke nan kowane dare, amma babu wanda ya taɓa koya masa wannan. Ba wuta, ba kyandir, ba maganin sauro na kunnawa a cikin tanti. Tocila ta wadatar, kuma da ita muka yi canjin famfas na tsakar dare, ni ina haskawa maiɗakina tana gyarawa, ruwan ɗumi kuma daga fulas.

Sauro da ruwan sha su ne na gaba. A ƙasan duwatsun kudu maso yamma sauro yana nan daram, don haka gidan sauro mai magani dole ne ko da tantin yana da raga, kuma zif ɗin ƙofa ya zauna a rufe saboda kunama da maciji, a kuma kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa wa yaro. Man shafawa na korar sauro ba a shafa wa jariri ɗan ƙasa da wata biyu. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a hanya ko bayan dawowa, a kai shi gwaji a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Game da abinci, jaririn da bai kai wata shida ba ya fi kowa sauƙin tafiya, domin nonon uwa kaɗai ya ishe shi ci da sha kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, sai dai a kula da uwar ta samu ruwa da hutu. Na sama da haka kuwa, ruwan da aka tafasa ko na gora ne kawai, komai kyan ruwan rafi a ido, a kuma riƙe haɗin gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zink saboda gudawa. A bakin magangarar ruwa, mai tatata ba ya barin hannun babba ko na daƙiƙa, domin duwatsun suna da santsi kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. A ra'ayina kuma, a bari jariri ya karɓi allurar rigakafin mako 6 da 10 da 14 kafin a fara tunanin kwana a waje da shi.

Ba zan ɓoye batun tsaro ba, domin shi ne hujja mafi ƙarfi a hannun masu adawa. Akwai dazuzzuka a ƙasar nan, har da wasu gandayen gwamnati, da 'yan bindiga suka mayar mafaka, kuma babu mai hankalin da zai kai iyalinsa can. Kwana a tanti da nake nufi shi ne a cikin harabar da ke da shinge da masu gadi, da sanin hukumar wurin, da asibiti a nisan da za a iya kai wa cikin dare, bayan an tambayi mutanen gari halin da ake ciki a makon da za a tafi. Ya fi kyau gida biyu su haɗu da mota biyu, saboda idan ɗaya ta lalace ba a bar mata da yara a bakin titi ba, kuma matan suna samun mai kama musu. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin idan uwa ce za ta yi girki da wanki da shayarwa da gadin yara ita kaɗai, to an canza mata wurin aiki ne kawai, ba a kai ta hutu ba.

Ana yawan ce mini yaro ɗan shekara biyu ba zai tuna komai ba, don haka asarar kuɗi ce. Gaskiya ne ba zai tuna ba, amma ba ya tuna ranar da aka fara koya masa bismillah kafin cin abinci, kuma duk da haka ta zauna masa. 'Ya'yanmu na Legas suna tashi a ɗaki ɗaya ko biyu, tsakanin ƙarar janareta da hayaƙin danfo, wasunsu har su shiga firamare ba su taɓa taka ƙasar da ba siminti ba, ba su taɓa ganin sararin da babu gini a ƙarshensa ba. Alhali mu mutane ne da manyan garuruwanmu suka tashi a gindin duwatsu, Kano a Dala, Zazzau a Turunku da Kufena, kuma kakannin da suka kawo mu kudu fatake ne da suka kwana a hanya wata da watanni. Addini ma ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa mu duba halitta, ya kuma sauƙaƙa wa matafiyi salla. Yaron da aka saba masa da fita tun yana goye yana tasowa ba ya tsoron duhu da ciyawa, uban da ya kwana yana haska tocila kuma yana sanin nauyin da matarsa ke ɗauka kowane dare.

Kirana na farko ga Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa ne da gwamnatocin jihohin da ke da waɗannan wurare. 'Yan'uwanmu da ke Amurka da Kanada suna aiko mana hotunan iyalai da jarirai a gandun dajin Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, da na Banff na 1885, kuma abin da ke sa hakan ya yiwu a can ba kyan dutse ba ne, domin namu ma suna da kyau. Akwai filin kafa tanti da aka keɓe aka shata, da famfo, da makewayi, da ma'aikacin da za a kira cikin dare. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi. A keɓe fili mai shinge ga masu iyali, a yi makewayin mata daban mai ƙofa da ruwa, a yi rumfar da mace za ta shayar cikin sutura, a tanadi wurin alwala da salla, a koya wa masu gadi taimakon gaggawa da haɗarin gawayi, a kuma wallafa kuɗin shiga da lambar waya mai aiki domin kada mutum ya tuƙo daga Legas ya tarar da ƙofa a kulle. Kirana na biyu ga limamanmu da shugabannin al'ummar Hausawa a Legas ne, su sa maganar kujerar yara cikin wa'azin gab da sallah, domin ta shafi mai zuwa Idanre da mai zuwa Kano baki ɗaya.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilanku na Akure da Jalingo da Kalaba su je waɗannan wurare da idon uwa mai goyo, su rubuto mana da Hausa halin titi, da inda ruwa yake, da nisan asibiti mafi kusa, da watan da ya fi dacewa a je, kafin hutun ƙarshen shekara ya zo.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
daga Agege, Legas.